Bin sawun konesin 26 da haske: littafin aikina a Kumasi

Litinin, 13 ga Janairu 2025

Yau Malam ya sa hannu a tsarin aikin, na kuma buɗe wannan littafi. Tambaya guda nake bi: furotin ɗin da ake kira konesin 26, idan ya zo da canjin R143W, yana iya haɗuwa da ɗan'uwansa konesin 30 su gina ƙofa ɗaya, ko ba ya iyawa?

A can cikin kunne akwai wata gaɓa mai siffar katantanwa. A cikinta ƙwayoyin halitta masu gashi suke, kimanin 3,500 a sahun ciki da 12,000 a sahun waje, su ne ke mai da girgizar sauti saƙon da jijiya za ta kai ƙwaƙwalwa. Amma ba su kaɗai ke aikin ba. Kewaye da su akwai ƙwayoyin da ke tallafa musu, kuma waɗannan suna da ƙofofi a tsakaninsu, irin 'yar ƙofar nan da ake ɓulawa a katanga tsakanin gidajen 'yan'uwa, ana miƙa gishiri da garwashi ba sai an fita titi ba. Konesin shida ke gina rabin ƙofar a ƙwaya ɗaya, wasu shida su gina rabin a maƙwabciyarta, sai su haɗe. Ta nan fotasiyam da ƙananan sinadarai ke ratsawa. A kunne yawancin ƙofofin na konesin 26 ne da 30, galibi a cakuɗe.

Ƙwayar gadon da ke yin konesin 26 sunanta GJB2, tana kan kuromosom na 13, kuma a 1997 aka gano tana jawo kurumta. Furotin ɗin amino asid 226 ne a jere. A R143W na 143 kaɗai ya sauya, inda ya kamata a ga arjinin sai tiriftofan ya zauna. A 1998 Farfesa George Brobby na nan Kumasi da abokan aikinsa Jamusawa suka bayyana wannan canji a mutanen Adamorobe, ƙauyen da ke kusa da Aburi wanda ya yi suna da yawan kurame har suna da maganar hannu tasu ta kansu. Binciken da aka yi daga baya a makarantun kurame na Gana ya same shi a kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iyalan da kurumta ke bin jininsu. A Turai wani canjin ne daban ya fi yawa, 35delG, a Kamaru da Afirka ta Kudu kuwa da wuya a ga GJB2 a matsayin dalili. Wannan namu ne, shi ya sa na zaɓe shi.

Ba zan taɓa jinin kowa ba. Da filasmid, wato ƙananan zoben DNA masu ɗauke da ƙwayar gadon da ake so, da ƙwayoyin HeLa, wato ƙwayoyin ɗan Adam da ake renonsu a faranti, zan yi aiki, domin HeLa kusan ba su da konesin nasu, duk ƙofar da na gani ni na sa ta.

Alhamis, 16 ga Janairu

Lissafin kaya. Ruwan abincin ƙwayoyi akwai. Ruwan jinin ɗan maraƙi da ake ƙara wa abincin babu, kwalbar mililita 500 za ta ci kusan sidi 7,000 kafin ta iso, dala kuma a Janairun 2025 tana wajen sidi 15. Mun yi karo-karo da wata ɗalibar da ke aikin zazzaɓin cizon sauro, za mu raba kwalba ɗaya. Cika tukunyar iskar kabon, sidi 600.

Laraba, 22 ga Janairu

Filasmid sun iso daga wani ɗakin gwaji a Turai, an ɗiga su a takardar tacewa an sa a ambulan. Konesin 26 da aka liƙa wa furotin mai ƙyallin shuɗi, CFP, da konesin 30 mai ƙyallin rawaya, YFP. Dukansu a wutsiya aka liƙa, domin kan konesin shi ke lanƙwasawa cikin ramin ƙofar, in aka ɗaura masa kaya a nan ƙofar ba za ta yi aiki ba. Na jiƙa su, na sa wa baktiriya, na shimfiɗa a faranti mai kanamaisin, maganin da ke kashe duk baktiriyar da ba ta karɓi filasmid ba.

Wata ƙanwata ta tambaye ni me ya sa ba zan duba da madubin ƙara girma kawai in ga ko furotin biyun suna tare ba. Dalilin shi ne madubin haske ba ya raba abu biyu da ke ƙasa da nanomita 200 tsakaninsu, iyakar da Ernst Abbe ya lissafa tun 1873. Ƙofar gaba ɗayanta faɗinta bai kai nanomita 10 ba. Ke nan shuɗi da rawaya za su iya zama a ɗigo ɗaya a hoto alhali ƙofofi ashirin ne a tsakaninsu. Dabarar FRET ce ke cike wannan giɓi. Idan shuɗin yana tsakanin nanomita 1 zuwa 10 da rawayan, sai ya miƙa masa ƙarfinsa kai tsaye maimakon ya haskaka, shi ya dushe, rawayan ya ƙaru. Theodor Förster ya fitar da lissafin a 1948: miƙawar tana raguwa da sauri ƙwarai yayin da nisa ke ƙaruwa, wato wajen nanomita 5 rabin ƙarfin ke wucewa, a nanomita 10 kuwa kusan babu komai. Haske ya zama ma'aunin tazara ke nan.

Litinin, 27 ga Janairu

Baktiriya sun fito, na ciro filasmid. Na aika a haɗo mini gajerun zaren DNA na yin canjin. Hazo ya yi yawa, kullum sai an goge teburin madubi kafin a buɗe murfi.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Canjin ya samu. Harafi ɗaya ne, C ya koma T a matsayi na 427 na jerin DNA, wanda shi ke sauya amino asid na 143. Akwai wata sauƙaƙƙiyar hanyar tantancewa da masu bincike a Gana suka yi amfani da ita wajen gwajin mutane, ni ma na are ta: sinadarin yanka mai suna NciI yana gane jerin CCGGG, kuma wannan jeri yana daidai wurin. Mai lafiya yana yankuwa a nan, mai canjin ba ya yankuwa, sai a ga layi ɗaya ya fi tsawo a kan jel. Da haka na ware waɗanda za a aika a karanta jerinsu gaba ɗaya, maimakon in biya kuɗin karanta kowanne. Na aika uku, sidi 450 da kuɗin mota.

Talata, 11 ga Fabrairu

An tayar da ƙwayoyin HeLa daga ruwan naitirojin. Sun kama faranti.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Asara. Wuta ta ɗauke daren Asabar, janareta bai tashi ba, babu kuma wanda ya sani sai safiyar Lahadi. Inkubeta tana buƙatar digiri 37 da iskar kabon kashi 5 cikin 100. Zafin bai faɗi sosai ba, ai Kumasi ce, amma da na'urar sarrafa iskar ta mutu sai kabon ya zurare, ruwan abincin ya tashi daga ja ya koma shunayya, alamar ya yi kanwa. Na tarar da ƙwayoyin sun dunƙule suna yawo a sama. Faranti ɗaya da ke can baya ya tsira da 'yan kaɗan, sai dai Malam ya ce kada in gina aikin watanni a kan ƙwayoyin da suka sha wannan wahala, in tayar da sabbi. Na yarda da shi, ko da yake saura kwalba biyu kacal a ruwan naitirojin, kuma ruwan jinin da ya tafi a banza ba ya dawowa.

An gano batirin kunna janaretan ne ya mutu. Mu ɗalibai muka haɗa sidi 1,200 aka sayo sabo a Suame, domin in aka bi ta takarda sai an yi wata guda. Na kuma ba mai gadi lambata, na ce ko ƙarfe biyun dare ne ya kira ni.

Abin da zan fara yi da sabbin ƙwayoyin shi ne daskarar da kwalabe da yawa kafin kowane gwaji.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Sakamakon karatun jeri ya dawo. Biyu daidai suke, R143W kaɗai. Na ukun ya ɗauko wani canji a gefe, na zubar da shi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Shekaranjiya na sa filasmid cikin ƙwayoyi da PEI, sinadarin da ke shigar da DNA cikin ƙwaya, tunda takwaransa Lipofectamine ya fi ƙarfin aljihunmu. Bayan kwana biyu na duba a madubin ƙyallinmu. Konesin 26 mai lafiya ya yi abin da ake so, siraran layuka masu haske daidai inda ƙwayoyi biyu suka manne. Sai dai ƙwayoyin da suka fi haske su ne suka fi muni, furotin ya yi musu yawa ya taru dunƙule-dunƙule kusa da cibiya. Ido yana son ya tsaya a kansu don sun fi kyau a hoto, amma ba su da amfani, domin duk furotin biyu da aka cusa a wuri ɗaya za su nuna kusanci ko ba ruwansu da juna. Zan rage DNA zuwa rabi, in zaɓi masu matsakaicin haske.

Litinin, 3 ga Maris

Azumi ya kama. Na mai da aikin ƙwayoyi da sassafe, duba madubi kuma bayan azahar, tunda ɗakin duhu ne da sanyi.

Yau ce ranar ji ta duniya, an yi ta magana a rediyo cewa fiye da mutum miliyan 430 ke buƙatar taimako saboda raunin ji. Da shan ruwa Gwaggo ta zo gidanmu a Aboabo da jikanta wanda ke makarantar kurame ta Jamasi. Ta ce, "'Yata, an ce aikin kunne kike yi. Uwarsa na ji, ubansa na ji, to daga ina?"

Na ce, "Gwaggo, ba a gwada shi ba, don haka ba zan ce ga dalilinsa ba. Amma akwai irin da sai yaro ya gado daga uwa da uba duka biyu kafin ya bayyana. Mai ɗauke da guda ɗaya yana ji garau. In biyu irin haka suka yi aure, kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu."

Ta ce, "To ba laifin uwar ba ne."

Na ce ba laifin kowa ba ne, kuma ko da gadon ne, rabi daga ɗanta ya fito. Ta yi shiru, sannan ta tambaya ko aikina zai kawo magani. Na ce mata a'a, aikina sanin yadda abin ke lalacewa ne. Ban ji daɗin faɗin haka ba, amma ba zan sayar mata da abin da ba ni da shi ba. Yaron kuwa yana gefe yana koya wa ƙannena haruffa da yatsu, ya fi mu duka sakewa.

A Adamorobe, a 1975, sarkin garin ya hana kurma auren kurma don a rage haihuwar kurame. Dokar ta ƙuntata wa mutane, kuma ba ta taɓa masu ji da ke ɗauke da kwafi ɗaya na canjin ba, alhali su ma suna haifar kurame. Tambayar Gwaggo ita ce ainihin tambayar aikina ta wata fuska: a jikin mai kwafi ɗaya, furotin mai canjin yana shiga ƙofa tare da masu lafiya bai ɓata ta ba, ko kuwa gefe yake tsayawa?

Juma'a, 7 ga Maris

Jiya hutun 'yancin kai, amma ƙwayoyi ba su san hutu ba, na je na canza musu ruwa. Yau na shirya gilasai na tafiya Akra: na sandarar da ƙwayoyin da sinadarin farafomaldihaid kashi 4, na rufe, na naɗe da takardar azurfa. Madubinmu fitila yake da ita, ba ya iya ƙone ɗan wuri guda kamar yadda awon FRET ɗin ke buƙata. Sai madubin leza, wanda muka kama lokaci a kansa a wani ɗakin gwaji a can, sidi 300 kowace awa.

Laraba, 12 ga Maris

Na dawo daga Akra jiya da dare, ga abin da ya faru.

Tsarin mai sauƙi ne. A ɗauki hoton shuɗi. A sa leza mai nanomita 514 a ƙone rawayan a wani yanki na layin har ya mutu. A sake ɗaukar shuɗi. Idan da yana miƙa ƙarfinsa ga rawayan, yanzu ba mai karɓa, sai haskensa ya ƙaru. Yawan ƙaruwar shi ne ma'aunin.

Na fara da gilashin da CFP da YFP ke ɗaure da juna da gangan, shuɗi ya tashi sosai, na san na'ura na aiki. Konesin 26 mai lafiya da 30, ya tashi. R143W da 30, shi ma ya tashi. Har na fara rubuta wa Malam saƙo. Sai na sa gilashin da ke da rawaya kaɗai, babu shuɗi ko ɗaya a cikinsa, na ƙone, na duba. Shuɗi ya bayyana.

Mai kula da madubin ya leƙo ya yi dariya, ya ce ya sha gani. YFP idan aka ƙone shi da ƙarfi, wani ɓangarensa yana rikiɗa ya zama abu mai ƙyalli irin na CFP. An daɗe da rubuta wannan, kuma ya fi fitowa idan da leza mai 405 ake karanta shuɗin, wadda ita aka saita mana. Ma'ana wani kaso na ƙaruwar da na gani a duk gilasan ba miƙa ƙarfi ba ne, gawar rawaya ce ta sake riga. Muka koma leza mai 458, muka rage ƙarfin ƙonawa muka tsawaita lokacinsa. Shuɗin ƙaryar ya ragu ƙwarai, abin da ya saura kuma ana iya auna shi a cire. Amma kafin mu gama saitin lokacina ya kusa ƙarewa, ƙwayoyi kaɗan na samu aunawa da sabon tsari.

Da sabon saitin ma, mai lafiya da 30 ya nuna ƙaruwa a fili. R143W ya nuna, ƙasa da haka, kuma layukansa gajeru ne, da yawan furotin ɗin yana cikin ƙwaya bai kai gefe ba. Ban ɗauki wannan a matsayin sakamako ba tukuna.

Kuɗi: mota zuwa da dawowa sidi 400, madubi 1,200, kwana a gidan ƙanwar Inna a Nima, kyauta.

Litinin, 17 ga Maris

Na nuna wa Malam hotunan. Ya duba ya ce, "To, sun kusa. Wa ya ce miki ƙofa ɗaya suke?"

Gaskiyarsa. A cikin layin nan ƙofofi a cushe suke, tsakiyar wannan zuwa tsakiyar waccan wajen nanomita 10 ne, wutsiyoyin da ke ɗauke da ƙyallin kuma suna lilo. Ƙofar da duk shidanta shuɗi ce za ta iya miƙa wa maƙwabciyarta da duk shidanta rawaya ce, ba tare da sun taɓa cakuɗuwa ba. FRET kusanci yake aunawa, ba ya rantsuwa a kan haɗuwa. Na ga takardu da dama da suka tsallake wannan mataki suka kira abin haɗuwa, kuma a ganina sun yi gaggawa.

Mafita: a kawo konesin 43, wanda aka sani ba ya shiga rabin ƙofa ɗaya da konesin 26 mai lafiya. Duk abin da wannan haɗin ya bayar, shi ne na maƙwabtaka kawai, sai abin da ya haura shi zan ƙirga. Sannan in riƙa canza yawan rawaya a kan shuɗi in ga yadda ma'aunin ke tafiya. Na rubuta wa waɗanda suka aiko filasmid na farko ina roƙon na 43.

Alhamis, 20 ga Maris

Ƙwayoyin sun rage saurin girma, ruwan kuma garau yake. Na shafa musu DAPI, rinin da ke haska DNA, sai ga ƙananan ɗigo-ɗigo a wajen cibiya ko'ina. Maikofilasma, wata 'yar ƙaramar baktiriya. Ba ni kaɗai ba, duk wanda ke amfani da inkubetar nan ya samu. An zubar da komai, an wanke, an turara.

Abin da ya fi damuna shi ne gilasan Akra daga wannan zuriyar suka fito, ba kuma yadda za a tabbatar ko cutar ta riga ta shiga a lokacin. Maikofilasma na cinye arjinin na ruwan abinci, yana kuma taɓa yadda ƙwaya ke sarrafa furotin, ni kuwa batun isar furotin gefen ƙwaya nake dubawa. Don haka awon 11 ga wata ya zama na koyon na'ura, ba zai shiga rubutun ƙarshe ba. Kwalaben da na daskarar a Fabrairu an gwada ɗaya, tsaf take.

Talata, 25 ga Maris

Sabbin ƙwayoyi na girma. Goman ƙarshe, ina tashi da wuri.

Alhamis, 3 ga Afrilu

An yi salla lafiya. Na koma aiki da gwajin da ba ya buƙatar Akra: ko ƙofar tana buɗe. Ana shimfiɗa ƙwayoyi su cika faranti, a zuba rini mai ƙyalli, a tsaga da reza. Ƙwayoyin bakin tsagar su sha rinin, in akwai ƙofa mai aiki sai ya ratsa zuwa na bayansu. Rinin Lucifer mai rawaya yana wuce ƙofar konesin 26 zalla amma ba ya wuce ta 30, don haka shi kansa yana iya ba da labarin yadda aka cakuɗa. Matsalarsa launinsa yana shiga na YFP, dole in yi wannan gwaji da konesin marasa ƙyalli, ko in nemo wani sinadarin bin sawu mai suna niyurobayotin, wanda ya fi ƙanƙanta yana kuma wuce duka biyun, sai dai tsada.

Da PEI ba duk ƙwayoyi ke karɓar filasmid ba, sai ka ga mai ƙofa tana maƙwabtaka da marar ƙofa, rini ya tsaya. Na fara zaɓe da G418, maganin da ke kashe ƙwayar da ba ta karɓi filasmid ba, don in samu zuriyar da kowace ƙwaya ke ɗauke da shi. Zai ɗauki makonni.

Litinin, 7 ga Afrilu

Filasmid na konesin 43 yana hanya. Abin da ya rage a asusun aikin sidi 5,300. Tafiya Akra ta gaba da awa shida a madubi za ta ci 2,200, G418 da gilasai wajen 1,500, cika tukunyar kabon 600. Niyurobayotin ba zai shiga ba sai in Malam ya samo wani abu.

Tsarin tafiya ta gaba: gilashin rawaya kaɗai shi ne na farko a kan madubi, sai na shuɗi kaɗai, sai na konesin 43, kafin in taɓa R143W. Zan ba abokiyar aikina ta rufe sunayen gilasan da lamba, kada in san wanne nake aunawa sai an gama lissafi. Zan kuma ƙara haɗin da babu shi a karon farko, R143W mai shuɗi da konesin 26 mai lafiya mai rawaya, tunda shi ne yanayin mai kwafi ɗaya. An ba ni ranar 29 ga wata, ƙarfe takwas na safe.